Barewa, Haske da Haƙuri: Darasi Daga Gandun Richmond a Lokacin Kaka



Batun da aka ɗora mana shi ne ɗaukar hoton dabbobin dawa da hasken rana kaɗai, ba tare da fitila ko walƙiyar kyamara ba. Domin kada maganar ta tsaya a iska, mun zaɓi wuri guda da lokaci guda, wato Gandun Richmond da ke kudu maso yammacin birnin Landan, a watannin kaka. Wani zai iya tambaya, ina ruwan malamin makaranta da barewar Ingila? Amsarmu ita ce, hoto guda na wannan dabba a wannan lokaci ya tattara darussan kimiyyar haske, da labarin ƙasa, da ilimin halittu, da tarbiyya. Yau kuwa kusan kowane gida akwai wayar da ke ɗaukar hoto, yaranmu suna ɗauka dare da rana, amma kaɗan ne daga cikinsu aka taɓa koya wa yadda ake tsayawa a duba abu kafin a danna. Idan mu ba mu koya musu ba, babu tabbacin wani zai koya musu.

Bari mu fara da wurin. A shekarar 1625 Sarki Charles na Ɗaya ya kwashe fadawansa zuwa fadar Richmond domin guje wa annobar da ta ɓarke a Landan. A 1637 ya kewaye filin da ke kusa da katanga mai tsawon mil takwas, ya mayar da shi wurin farautarsa, abin da bai yi wa manoman yankin daɗi ba. Bayan fiye da shekara ɗari, Gimbiya Amelia, 'yar Sarki George na Biyu, ta rufe ƙofofin gandun sai ga wanda ta ga dama. Wani ɗan kasuwa na garin, mai suna John Lewis, ya kai ƙara, kuma a 1758 kotu ta tabbatar wa talakawa haƙƙin ratsa gandun da ƙafa. Yau faɗinsa ya kai eka 2,500, shi ne mafi girma a cikin gandayen sarauta na Landan, kuma barewa wajen 600 ne ke yawo a cikinsa ba ɗauri. Akwai tsofaffin itatuwan ok waɗanda wasunsu sun girmi katangar kanta, akwai tafkuna, akwai filayen ciyawa. Mai lura zai ga cewa rassan bishiyoyin duk sun tsaya a tsayi ɗaya daga ƙasa, kamar an bi su da almakashi. Aikin dabbobin ne, domin suna cinye duk ganyen da bakinsu ya kai, wajen mita ɗaya da rabi. Wannan ya buɗe ƙarƙashin itatuwan, shi ya sa hasken safe yake ratsawa ya yi nisa a tsakanin kututture.

Sai dabbar kanta. Muna kiranta barewa ne don rashin wani suna da ya fi kusa, amma ya kamata mu malamai mu fayyace wa ɗalibai bambancin. Barewar da muka sani a ƙasar Hausa danginta su ne gada da mazo da gwanki, kuma ƙahonsu na dindindin ne, ba shi da rassa, idan ya fito ya fito ke nan har mutuwa. Ita kuwa ta Turai ƙahonta ƙashi ne zalla mai rassa kamar itace, namiji ne ke da shi, kuma duk shekara yakan zubar da shi a farkon bazararsu, wani sabo ya tsiro. Yayin da yake tsirowa yana lulluɓe da wata fata mai laushi mai jijiyoyin jini, idan ya ƙosa a ƙarshen lokacin zafi sai fatar ta bushe, namijin ya goge ta a jikin itace. A duk nahiyar Afirka, a dazuzzukan arewa ne kawai, wajen Aljeriya da Tunisiya, ake samun irin wannan dabba a matsayin 'yar asali. A Richmond iri biyu ne. Akwai jar barewa, wadda ita ce mafi girman dabbar dawa ta tudu a Birtaniya, domin ƙosasshen namiji yakan kusanci kilo 200. Akwai kuma ƙarama, mai ɗigo-ɗigon fari a gadon baya, wadda ƙahon namijinta yake da faɗi a sama kamar tafin hannu.

Me ya sa sai kaka? Kakarsu ta zo daidai da tamu a kalanda, daga Satumba zuwa Nuwamba, sai dai abin da ke faruwa ya bambanta. Mu muna girbi, su kuwa yini ne ke raguwa, sanyi yana ƙaruwa. Itatuwa masu zubar da ganye sukan rushe sinadarin da ke ba ganye launin kore, su janye amfaninsa zuwa cikin jikinsu. Da koren ya gushe sai launin rawaya da ruwan goro da ke ɓoye a ƙarƙashinsa ya bayyana, wasu itatuwan kuma su ƙera jan launi sabo. Doguwar ciyawar nan mai faffaɗan ganye da ta rufe sassan gandun takan koma launin tsatsa, launin da ya yi kusa da na gashin jar barewa.

A daidai wannan lokaci ne kuma barewa ke barbara. Namiji yakan tara mata ya tsare su, wuyansa ya kumbura, ya riƙa ruri mai ƙarfi da ake ji daga nesa, ya tumurmusa cikin taɓo, ya tunkuyi ciyawa har ta sarƙe a ƙahonsa. Masana sun daɗe suna nazarin wannan hali a tsibirin Rum da ke Sikotilan, kuma a 1979 Tim Clutton-Brock da Steve Albon suka wallafa bincikensu a kan rurin. Sun nuna cewa faɗa ba shi ne matakin farko ba. Maza biyu sukan fara da gasar ruri, kowa yana auna ƙarfin ɗan'uwansa da kunne. Idan ba wanda ya janye, sai su jera suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, suna aunawa da ido. Sai idan wannan ma bai raba gardama ba ne suke sunkuyar da kai su haɗa ƙaho. Mai ɗaukar hoton da ya san wannan tsari ya san abin da zai biyo baya, saboda haka yana shirye tun kafin ya faru. Wanda bai sani ba kuwa sai dai ya ɗaga kyamara bayan ƙura ta lafa. Sanin halin dabba shi ne rabin aikin, kuma littafi da zaman kallo ne ke bayar da shi, tsadar kyamara ba ta bayarwa.

Yanzu mu juya ga haske, wanda shi ne zuciyar wannan jawabi. Abu na farko shi ne tsayin rana a sararin sama. Landan tana kan digiri 51 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, Kano kuwa tana kan digiri 12. A ƙarshen Oktoba, ko da tsakar rana, rana ba ta wuce digiri 27 sama da ƙasa a Landan, don haka inuwar mutum takan kusan ninka tsayinsa biyu. A wannan rana a Kano, rana takan kai wajen digiri 65, inuwa ba ta kai rabin tsayin mai ita ba. Hasken da ya zo daga gefe yana fito da siffar abu, yana nuna kowane silin gashi da kowane tudu da kwari na jiki. Wanda ya sauko daga tsakar ka kuwa yakan shafe siffa, ya cusa ido cikin baƙar inuwa. Bugu da ƙari, a Landan rana a karkace take hawa, wajen digiri 9 a sa'a guda bayan fitowarta, alhali a wajenmu kusan a miƙe take hawa, kusan digiri 15 a sa'a. Ke nan lallausan hasken safe ya fi daɗewa a can, mu kuwa kafin hantsi ya yi nisa ya riga ya tafi. Da sassafe ake kama fara.

Abu na biyu shi ne launi. Hasken rana da muke gani fari haɗakar launuka ne. Tun a 1871 masanin kimiyyar nan Lord Rayleigh ya bayyana cewa iska tana watsa shuɗin haske fiye da yadda take watsa ja, kuma dalilin da ya sa sama take shuɗiya ke nan. Idan rana tana gab da ƙasa, haskenta yana ratsa iskar da ta ninka ta tsakar ka kusan sau 38 kafin ya iso gare mu. A wannan doguwar tafiya yawancin shuɗin ya watse, sai ja da rawaya suka saura. Idan wannan haske ya sauka a kan ganyen da ya riga ya zama rawaya da gashin dabbar da ya riga ya zama ja, sai launukan su ƙarfafa juna. A inuwar itatuwa kuwa, inda hasken sama kaɗai ke kaiwa, komai yakan ɗan yi shuɗi. Idonmu yana gyara wannan bambanci ba mu sani ba, amma kyamara tana nuna shi, kuma haɗuwar ɗumin wuri mai rana da sanyin wuri mai inuwa a hoto ɗaya ita ce ke ba hotunan kaka zurfinsu.

Abu na uku shi ne inda hasken ya fito dangane da inda muka tsaya. An saba ce wa mai koyo ya juya wa rana baya. Shawara ce mai kyau ga wanda ke son launi ya fito sosai, amma hoton yakan zama shimfiɗaɗɗe. Idan muka matsa har rana ta koma gefenmu, siffar jiki takan fito. Idan kuma muka fuskanci rana, dabbar tana tsakaninmu da ita, sai haske ya zagaye gefen jikinta da ƙahonta kamar an ja zaren zinariya. A safiya mai sanyi, numfashin da namiji ya fitar yayin ruri yakan zama tururi, kuma ba a ganin wannan tururi da kyau sai hasken ya biyo ta bayansa, bayan dabbar kuma akwai duhun itatuwa. Ba dabbar za mu matsar ba, mu ne za mu zagaya, tun daga nesa, har mu sami inda haske da duhu suka daidaita.

Abu na huɗu shi ne hazon safiya. Nasu ba irin namu na hunturu ba ne, wanda ƙura ce daga Sahara. Nasu ɗigon ruwa ne ƙanana. Idan dare ya yi garau, babu gajimare kuma babu iska, ƙasa takan saki zafinta, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi har damshin cikinta ya zama hazo, musamman a kwari da bakin tafki. Wanda ya fahimci wannan yana iya duban sama da daddare ya san ko gobe akwai abin tashi da asuba. Hazon yana ɓoye tarkacen da ke nesa, yana raba kusa da nesa hawa-hawa, kuma idan rana ta ratso ta tsakanin rassa sai a ga sandunan haske a fili. Da rana ta ɗan ɗaga, ya narke.

To, yaya kyamara take karɓar wannan haske? Abu uku ne ke iyakance shi. Akwai faɗin ƙofar da ke cikin gilashin kyamara, akwai tsawon lokacin da ƙofar ke buɗe, akwai kuma ƙarfin jin haske na farantin da ke ciki, wanda ake aunawa da lambar ISO. Da asuba haske kaɗan ne, dabba kuma tana motsi, saboda haka dole a yi ciniki. Idan dabbar tana tafiya, ana bukatar ƙiftawar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa ba, idan kuwa faɗa ake yi, kashi ɗaya cikin 1,000. Gajeriyar ƙiftawa tana rage haske, don haka sai a buɗe ƙofar sosai, wanda kuma yake da fa'idar dusashe bayan hoton, dabbar ta fito ita kaɗai. Idan har yanzu hasken bai isa ba, sai a ɗaga ISO zuwa 1,600 ko 3,200. Wannan yana kawo ɗan tsakuwa-tsakuwa a hoton, amma gara hoto mai tsakuwa da wanda motsi ya ɓata. A kuma tabbata cewa idon dabbar ne ya fi komai fitowa sarai, domin nan mai kallo yake fara duba.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara yana ɗauka cewa duk abin da ke gabansa matsakaici ne, ba fari ba, ba baƙi ba. Idan ya ga farin hazo sai ya rage haske, hoton ya fito toka-toka. Idan ya ga duhun daji sai ya ƙara, har gefen dabbar da rana ta haska ya ƙone. Aikin mai ɗauka ne ya ƙara haske a cikin hazo, ya rage a gaban duhu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ko a waya ana iya yin wannan, ta hanyar taɓa allon a inda ake so, sannan a ja alamar hasken sama ko ƙasa.

Mun zo ga inda batun yake da nauyi. Hukumar da ke kula da gandayen sarauta tana gargaɗin kowa da ya bar aƙalla mita 50 tsakaninsa da barewa, kada ya taɓa ta, kada ya ba ta abinci. Duk da haka, a lokacin barbara akan ga masu kyamara da masu waya sun yi wa namiji guda zobe. Illar wannan ta kasu gida biyu. Ta farko a kan mutum take, domin an sha samun waɗanda dabbobin suka ji wa rauni, kuma namijin da ke cikin zafin barbara ba ya neman izini kafin ya kai tunkuyi. Ta biyu a kan dabbar take. A makonnin nan namiji ba ya cin abinci sosai, yakan rame ƙwarai, ga kuma sanyin hunturu na tafe. Duk lokacin da taron mutane ya tarwatsa matansa, ko ya tare masa hanya, ƙarfin da zai kai shi bazara ne yake ƙarewa a banza. Saboda irin wannan dalili ne aka hana tsintar 'ya'yan itatuwa a gandun, domin da su dabbobin ke tara kitsen hunturu. Alamar da za mu riƙe mai sauƙi ce. Idan dabba ta daina abin da take yi ta kafe mu da ido, mun yi kusa, sai mu ja da baya. Kada mu shiga tsakanin namiji da matansa, ko tsakanin maza biyu. A cikin doguwar ciyawa kuma akwai kaska mai ɗauke da cuta, don haka a rufe ƙafa, a duba jiki bayan an fito.

Mita 50 ba ta hana hoto mai kyau. Ga lissafin da za a iya ba ɗalibai. Dogon gilashi mai milimita 400, a kan kyamarar da faɗin farantinta milimita 36 ne, yana ɗaukar fili mai faɗin mita huɗu da rabi daga nisan mita 50. Namijin da tsawonsa ya kai mita biyu zai cika kusan rabin hoton. Babbar kyamarar waya kuwa, daga wannan nisa, tana ɗaukar faɗin da ya kusanci mita 70, dabbar ta zama ɗan ƙaramin abu. Mai waya yana da zaɓi biyu, ko ya matsa ya saɓa ƙa'ida, ko ya sauya irin hoton da yake nema. Na biyun ya fi, kuma sau da yawa ya fi kyau: ƙaramar dabba a ƙarƙashin ƙaton itace, cikin hazo, tana ba da labarin wurin da take zaune fiye da hoton kai kaɗai.

Tarihi ma yana da abin cewa a nan. A watan Yulin 1906 mujallar National Geographic ta buga hotuna 74 na wani Ba'amurke mai suna George Shiras, da yawansu na barewa ne da ya ɗauka da daddare da walƙiyar hoda. Shi mafarauci ne da ya koma kira ga jama'a su ajiye bindiga su ɗauki kyamara, kuma a zamaninsa wannan babban ci gaba ne. Amma walƙiyar tana firgita dabba, a wasu hotunan ma ana ganin barewar tana zabura. Kyamarorin yau suna gani a ƙaramin haske, don haka uzurin firgitarwa ya ragu ƙwarai. Ƙa'idar da yawancin masu wannan sana'a suka yarda da ita yanzu ita ce lafiyar dabba tana gaba da hoto. Akwai kuma gaskiya wajen bayani. Barewar Richmond tana cikin katanga, ta saba da mutane, ma'aikata kuma suna rage yawanta sau biyu a shekara tunda babu namun dajin da ke cinta. Wanda ya ɗauki hotonta ya faɗi inda ya ɗauka, kada ya nuna kamar ya keta ƙungurmin daji. A wannan zamani da kwamfuta ke ƙera hoton abin da bai taɓa faruwa ba, yaron da aka koya wa rubuta wuri da rana da lokaci a ƙarƙashin hotonsa an koya masa riƙon amana.

Me za mu ɗauka zuwa ajinmu? Ba ma bukatar tikitin jirgi. Mu kafa sanda a filin makaranta, ɗalibai su auna inuwarta da safe, da hantsi, da tsakar rana, da la'asar, su zana sakamakon. Mu sa su ɗauki hoton abu guda, ko akuya ce a ɗaure ko bishiyar darbejiya, daga wuri guda a waɗannan lokuta, su jera hotunan su faɗi abin da ya sauya da dalilinsa. Mu sa su zagaya abin, rana a baya, rana a gefe, rana a gaba. Idan garken shanu na dawowa da yamma, ƙurar da suka tayar tana yi wa hasken da ya biyo ta bayansu irin abin da hazo ke yi a Richmond. Mu huda ƙaramin rami a kwali, mu nuna musu yadda surar waje ke faɗowa a kife a ciki, mu gaya musu cewa Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aiki a Alƙahira, ya yi bayanin wannan a littafinsa Kitab al-Manazir kimanin shekara dubu da suka wuce. Sannan mu ba su aikin da ya fi duka wuya, su zauna shiru na minti goma suna kallon tsuntsu ko ƙadangare, su rubuta abin da ya yi, kafin a yarda su ɗauki hoto ko ɗaya. Ranar da makaranta ta sami halin kai su Yankari ko wani gandun namun daji, za su je da idon da ya riga ya horu, da kuma sanin cewa ba a kora dabba don a sami hoto.

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Idan ɗalibanmu da 'ya'yanmu suka ga muna tsayawa mu duba, muna jira, muna faɗin gaskiyar abin da muka gani, su ma haka za su tashi. Muna roƙon kowane malami da ke wannan zaure ya gwada ɗaya daga cikin waɗannan darussa kafin ƙarshen zangon nan, ya kawo mana sakamakon a taronmu na gaba mu duba tare.